Adaftar Gem ɗin Lawali

Ku samarin da kuka cika bakin tasha da teburan cajin waya, ina jin abin da kuke faɗa. Wai gyara ba wani abu ba ne, a cire wannan a sa wancan, in ya ƙi a ce da mai kaya ya sayi sabo. Kwanan baya ɗayanku ya tsaya a ƙofar shagona a nan Sabon Birni, ya ga ina auna adafta da mita kafin in jona ta, ya kwashe da dariya ya ce, "Baba Bube, in bakin ya shiga ai shi ke nan." To wannan maganar ta kashe kayan mutane a ƙasar nan fiye da tsawa da ɓera. Bakin adafta kusan duk kamarsu ɗaya, amma abin da ke gudu a cikin wayar ba ɗaya ba ne. Wata bolt biyar take bayarwa, wata tara, wata sha biyu. Wata layin ja ne a tsakiyar bakinta, wata layin baƙi. Ka juya su, hayaƙi ne zai gaya maka.

A Isa na koyi aiki, wurin maigidana Malam Cika, lokacin da rediyo mai kaset ita ce sarauniyar gida. A gawayi muke ɗora ƙarfen dalma, ina fifita, hayaƙi na cika min ido, shi kuma yana faɗa wai ban iya ko hura wuta ba. Na daɗe a gabansa bai bar ni na taɓa rediyon kowa ba. Aikina shi ne buhu. Yana da wani buhun gero da ya cika da tsofaffin adaftoci, masu rai da matattu, sai ya zazzage min a kan tabarma ya ce in ware. In duba rubutun bayan kowace, in faɗi ƙarfinta, in duba ɗan zanen nan mai kama da ido, in faɗi ja ne a tsakiya ko baƙi. In na yi kuskure, bayan sukurdireba kawai zan ji a kan yatsa. Dokarsa ita ce ba a jefar da adafta ko ta ƙone, don ko matacciya ce tana gaya maka abin da na'urarta take ci. A lokacin na ɗauka rowa ce kawai irin ta tsofaffi.

Masu kawo mana aiki kuwa, yawancinsu fatake ne masu shiga Maraɗi. Su kwaso kayan gwanjo, na Faransa da na Japan da na inda ba a sani ba, babu kwali babu takarda. Mutum ya dawo gida da murna, ya soka abin da aka ƙera don wutar ɗari da goma a cikin wutarmu ta ɗari biyu da ashirin, a ji tas, ɗaki ya cika da wari. Washegari ya zo yana rantsuwa wai haka kawai ta mutu. Tun da na fara sana'ar nan ban taɓa ganin wanda ya shigo ya ce shi ya kashe kayansa ba. Kullum haka kawai ne, ko yara ne.

Shekarar da aka datse sabis ɗin waya ita ce mafi munin da na gani. An rufe kasuwanni, an hana sayar da fetur a jarka, 'yan bindiga sun hana kowa noma, mutanen ƙauyuka sun cika gari, kowane zaure da baƙinsa. Kayan gyara sun daina zuwa. Ni da ban iya zama ba, sai in buɗe shago in share, in zauna, in tashi, in je tasha in ga ko mota ta shigo, in dawo in sake share inda na share. Mai son yin waya sai ya nemi layin Nijar ya hau tudu yana ɗaga hannu sama. Matata har cewa ta yi in nemi abin da zan lalata don in samu abin gyarawa, ko ta huta da zirga-zirgata.

A cikin wannan hali ne Nasiru ya shigo da wani abu naɗe a zanen atamfa. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Kurawa, manomi, dogo siriri, ba zai wuce talatin da 'yan kai ba. Ya kwance zanen a hankali. Gem ne na Japan, na wasan talabijin, irin na da, mai kaset da ake sokawa ta sama, da hannaye biyu masu dogayen wayoyi. Farin jikinsa ya koma ruwan ƙasa. Rabona da ganin irinsa tun ina da baƙin gashi.

"Na Yaya Lawali na," in ji shi. "Maraɗi yas saye shi tun muna samari. Da munka gudo, shi nid ɗauko, amma adaftar da 'yar taransifomarta sun tsaya gida."

Na ce da shi a irin wannan lokaci da mutane ke neman tuwo, shi wasa ya dame shi? Bai ji haushi ba. Ya zauna a kan bencina ya ba ni labari a taƙaice. An ɗauke yayansa Lawali a gona, ya yi watanni a daji, da ƙyar aka karɓo shi. Tun da ya dawo bai furta kalma ba. A ba shi abinci ya ci, a ce tashi ya tashi, amma ko sallamar innarsu ba ya amsawa. An yi rubutu, an yi addu'a, an kai shi asibiti, shiru. Sai ranar da ake jera kaya a ɗakin da wata gwaggonsu ta ba su aro, Lawali ya ga hannun gem ɗin, ya ɗauka, manyan yatsunsa suka fara dannawa. Tun daga ranar yake wuni da shi a cinya.

"In ya ji kiɗin abin ga, za shi magana," in ji Nasiru. "Ni na sani. Mu biyu muka buga shi kullum bayan la'asar."

Kafin in kai hannu na kai hanci, kamar yadda aka koya min. Na shinshina bayan gem ɗin na ji ƙauri. Na tambaye shi wa ya taɓa. Ya sunkuyar da kai ya ce ya fara biyawa wurin wani mai caji a tasha, wanda ya ɗauko adaftar dikoda, ya ga bakin ya shiga, ya kunna. Na ɗora mita, ta nuna min abin da nake tsoro. Wannan gem baƙi ne a tsakiyarsa, adaftar dikoda kuwa ja. An ba shi wuta a juye.

Na yi masa bayani cewa yanzu ciwo biyu ne, babu adafta, kuma wani abu ya ƙone a ciki. Bai saurari na biyun ba. Shi dai a kansa, gem ɗin ya ƙi baƙuwar adafta ne, in ya ga tasa ta asali zai tashi. Ya ce ya san inda take, a kan katanga ƙarƙashin rufi, kusa da inda innarsu ke rataye faifai. In ban samu wata ba, zai bi ta gonaki a ƙafa, ya ɗauko ya dawo. Wannan hanyar kuwa, a lokacin ko mai jaki ba ya binta. Na daka masa tsawa na ce ba a sayar da rai a kan bakin waya, ya ba ni zuwa Juma'a. Ya ce to, amma irin to ɗin da ƙafar mutum ke rawa yana faɗinta.

Buɗe gem ɗin kansa ya zama aiki. Notinan da suka ɗaure shi ba irin namu ba ne, kawunansu zagaye ne da 'yan tsaga a gefe, kuma suna can cikin rami mai zurfi. Duk sukurdirebobina babu wadda ta kama. Sai na tuna dabarar Malam Cika. Ka cire ruwan biro, ka kai bakin robar kan wuta har ta yi laushi, ka danna ta kan notin ka riƙe ba motsi har ta huce ta ɗauki siffarsa, sannan ka murɗa a hankali. In ka yi gaggawa ta goge, ka koma farko. Ni kuwa gaggawa ce halina. Na cinye biron shagona, na karɓo na ɗan makwabci, har na mai shayi na aro ban mayar ba. Da na buɗe, na tarar Allah ya taƙaita, ɗan fiyus ne ƙarami kamar ƙwayar shinkafa ya ƙone ya tare ɓarnar. Na ciro irinsa daga wani mataccen bidiyo na manna da dalma.

Don in tabbatar, na jera batiran tocila shida a cikin takarda na ɗaure, na ja waya. Nasiru na tsaye a kaina. 'Yar jar fitilar gaban gem ɗin ta kawo, ta yi ɗan jim, ta dusashe ta mutu, don batiran nan na yanzu ba su da ƙarfin riƙe shi. Ni abin ya faranta min. Shi kuwa sai ya ƙara masa wuta.

"Ka gani ko, Malam Bube? Shina da rai. Tashi kawai shika so."

Na bazama neman mai bolt tara ko goma, irin masu nauyin nan na da, da in ka ɗauka ka san ka ɗauki abu. Babu lungun da ban shiga ba. Masu caji duk biyar gare su. Masu dish sha biyu. Na yanka wayar wata ta dikoda na juya ta, na auna, sai na ga abin da ke fitowa ya zarce abin da aka rubuta a bayanta, don waɗannan marasa nauyin ƙarya suke yi. Na ɗan jona, kafin in ƙirga yatsuna ƙarfen da ke rage wuta a cikin gem ɗin ya yi zafin da ba ya taɓuwa, na fizge. In wannan ya tafi, ba ni da madadinsa a duk garin. Na ba wani direba mai shiga Maraɗi saƙo da zane a takarda, ya dawo min da leda cike da cajar waya, yana cewa ai duk ɗaya ne. Na je wurin liman na duba ta lasifikar masallaci, na je wurin mai aski, na tone kwandon wani mai sayen tsofaffin ƙarafa har ƙusa ta yanke ni. Kullum Nasiru na zuwa da safe ya tsaya, ba ya zama, ya dubi hannuna, ya tafi.

Ranar Laraba na ga babu sauran wuri sai buhun Malam Cika. Hanyar Isa ma ba ta da daɗi, sai an tara motoci an jira rakiyar jami'an tsaro. Ranar Alhamis da sassafe na ji an ce za a tashi. Ba ni da lokacin zuwa masaukin su Nasiru, waya kuma babu. Na kulle gem ɗin a shago, na bar sallahu wurin Ɗanjuma mai shayi, na ce in dogon mutumin nan ya zo a gaya masa na tafi Isa ɗauko masa adafta, kada ya je ko'ina. Na shiga mota ina mamakin kaina, na hana wani bin hanya saboda bakin waya, ga ni a hanya saboda bakin waya. A cikin motar kowa idonsa na kan daji.

Na tarar da Malam Cika ya tsufa, ido ya tafi, yana zaune a zaure. Da ya ji muryata ya ce, "Bube, har yanzu kana ƙona wa mutane kaya?" Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya sa aka jawo buhun daga ƙarƙashin gado, wannan buhun dai ko ƙanensa. Ya zura hannu yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, yana jin nauyinsu a tafinsa yana ajiyewa. Can ya miƙo min wata baƙa mai kusurwa huɗu.

"Ta rikodata ta. Tara ta, kuma ba ta ƙarya. Amma ja na tsakiyarta, sai ka juya. Kak ka ce ban gaya maka ba."

Na so in juyo a ranar, aka ce babu rakiya sai gobe. Na yi ta kai da komo tsakanin gidan maigida da tashar Isa har ya ce in zauna ina sa masa jiri, shi da ba ya gani.

Da hantsin Juma'a na iso Sabon Birni. Teburin Ɗanjuma a kife. Ashe tun safiyar Alhamis, jim kaɗan bayan tafiyata, aka aiko masa ƙanwarsa ba lafiya, ya kwashe kofunansa ya tafi, sallahuna ya tafi da shi. Mai facin taya na gefe ya ce ya ga Nasiru ya zo, ya tsaya gaban kwaɗon shagona, ya daɗe. Ya dawo da azahar, ya sake dawowa da la'asar. Ku kun san abin da rufaffen shago yake nufi a wurin mai kaya. A garin nan in aiki ya gagari mai gyara ba ya cewa ya gagare shi, ɓacewa yake yi har mai kaya ya gaji. Kowa ya san haka, Nasiru ma ya sani.

Na yanka wayar adaftar, na juya ja da baƙi, na manna, na naɗe, na auna sau biyu. Na ɗora gem da 'yar talabijin ɗina a baro, na ari ƙaramin janareta da ɗan fetur ɗin da bai kai rabin kwalba ba, na tura da kaina zuwa gidan gwaggonsu. Ina tafe ina cewa Allah sa in tarar da shi. Innarsu ce ta fito, tsohuwa 'yar ƙarama, idonta jawur.

"Ya tahi tun da asuba, Malam. Na riƙe rigarshi, yac ce kahin la'asar shina nan."

Tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko a hanyar Isa. Na tsaya da baro a hannu ban san gaba zan yi ko baya ba. Ita ce ta ce in shigo, tunda na kawo.

Lawali na zaune a kan tabarma ya jingina da bango, mutum ne mai faɗin kafaɗa da rama ta cinye. Bai dube ni ba. Na haɗa wayoyi, na soka kaset, na ja janareta, na danna. Jar fitila ta kawo ta tsaya. Hoton ya fito baƙi da fari, don talabijin ɗina ba ta san launin Japan ba, amma kiɗin ya fito sarai, wannan ɗan kiɗin mai kama da sarewar yara. Kan Lawali ya ɗago. Ya dubi talabijin ya daɗe. Ya jawo hannun gem ɗaya ya riƙe, ya ɗauki na biyun ya miƙa gefensa na dama ba tare da ya waiwaya ba. Da ya ji ba a karɓa ba sai ya juya. Muryarsa ta fito a shaƙe.

"Inna, ina Nasiru?"

Tsohuwar ta toshe bakinta da mayafi. Ta yi watanni tana roƙon Allah ta ji wannan murya, ga ta ta ji. Ni na ce masa ya ɗan fita ne, ya fara bugawa kafin ya dawo. Ya girgiza kai, ya ajiye hannu na biyun a kan tabarma, ya gyara masa waya.

"Mu biyu muka yi. Kak ku kashe. Za ni jira shi."

Muka zauna, kiɗin na ta maimaita kansa, ni ina leƙa ƙofa duk motsin da na ji. Aka kira la'asar. Ba a daɗe ba janareta ya yi tari ya mutu.

An nemi Nasiru iyakar nema. Da hanya ta ɗan lafa, mutanen ƙauyensu sun je, sun ce babu komai a kan katangar, wato ya isa gidan ya ɗauka. Abin da ya faru tsakanin can da nan, babu wanda ya zo da labarinsa har yau.

Lawali ya warware, yana magana, yana dako a kasuwar hatsi. Gem ɗin bai taɓa buga shi ba. Amma duk bayan 'yan watanni yakan shigo shagona da adaftar Malam Cika a aljihu, ya ajiye a kan tebur ya ce in auna masa. In ɗora mita, in juya masa ita ya gani da idonsa, in ce tara ce, lafiyarta lau. Sai ya naɗe wayar a hankali ya mayar aljihu.

"To madalla," yakan ce. "Kar shi dawo shi iske ta mutu."